Ƙishirwa a Tsakiyar Ƙanƙara

A gidanmu na Malumfashi ba a lissafa ruwan kaji cikin aikin gida. Wani tsohon kasko ne wanda bakinsa ya ɓantare, Inna ta binne gindinsa a ƙasa kusa da randa don kada su kifar da shi, duk wanda ya zo ɗibar ruwa sai ya tsiyaya musu abin da ya rage a moɗa. In akwai damuwa, to ta bazara ce, lokacin da rana ke dafa ruwan tun kafin azahar, sai Inna ta jingina tsohuwar tabarma ta yi masa inuwa. Shi ke nan. Da wannan ilimin na zo ƙasar nan, kuma da shi na fara kiwo.

Muna zaune a wani ƙaramin gari a wajen birnin Miniyapolis, jihar Minesota, can arewacin Amurka inda ta yi iyaka da Kanada. Dokar garinmu ta yarda mutum ya ajiye 'yan kaji kaɗan a bayan gida, amma ban da zakara, saboda cara. A watan Afrilu na 2018 na sayo 'yan tsaki shida a shagon kayan gona: biyu wake-wake irin Plymouth Rock, uku masu launin zuma irin Orpington, sai fara guda ɗaya irin Leghorn mai dogon zanko, wadda autata ta zaɓa da kanta. Maigida ya haɗa musu akurki na katako, ya kewaye gabansa da waya har sama, ya yi wa filin rufi. Na so yara su san inda ƙwai ke fitowa. Ni kuma, gaskiya, kewar kukan kaza nake yi, irin wanda take yi bayan ta sauka daga kan ƙwai, wanda ke gaya wa mutum cewa yana gida.

Zuwa Satumba sun fara saka. Biyar a rana, wani lokaci shida. Da Nuwamba ya yi nisa sai ya koma biyu, sannan ɗaya, sannan aka yi kwana uku babu ko ɗaya. Na ɗora wa gajartar yini laifin, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kaza tana son hasken kusan awa 14 kafin ta yi ta saka yadda ya kamata, mu kuwa a Disamba yininmu ba ya kai awa 9. Amma ba shi kaɗai ba ne.

Ga yadda nake yi a lokacin. Da ƙarfe shida da rabi nake barin gida zuwa aiki, cikin duhu, don haka da daddare nake cika musu mazubin ruwa, irin na roba fari da ja da ake kifawa. A zatona na yi dabara. Ashe kafin tsakar dare ruwan ya daskare. Kaza ba ta gani a duhu, in ta hau sanda ba ta saukowa sai gari ya waye, ke nan duk daren ba wadda ta sha. Da safe su sauko su tarar da dutse. Ba su samun ruwa sai na dawo wajen huɗu da rabi, lokacin rana na shirin faɗuwa, su ɗan sha su hau sanda. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Nawa kajin a gaban ruwa suke wuni da ƙishirwa, kuma rashin sanin nawa ne, ba nasu ba.

Wata Asabar ce ta buɗe mini ido. Na fita da hantsi da butar shayi a hannu don in narkar da ƙanƙarar, ɗaya hannun kuma da tsabar masara. Na watsa masarar, wadda kullum suke rububinta, ba wadda ta kalle ta. Duk shidan suka yi kan ruwan da ke zuba, suna tura juna, suna tsoma baki suna ɗaga kai sama, suna tsomawa suna ɗagawa, ba tsayawa. Na daɗe a tsaye ina kallonsu har yatsuna suka fara zafi a cikin safar hannu. Jikina ya yi sanyi ƙwarai, ba na iska ba.

Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Kazar gida a can ƙasarmu sakakkiya ce. In an manta da kasko za ta sami ruwa a bakin kwata, ko gindin rijiya, ko wurin wanke-wanke. Tawa kuwa ni na rufe ta da waya saboda shaho da wata dabbar dare da suke kira rakun, mai hannu kamar na mutum, da ke iya buɗe sakata. Tunda ni na rufe ƙofar, duk ɗigon ruwan da bai shiga cikinsu ba yana wuyana.

Daga baya na fahimci yadda abin yake tafiya a jikinsu. Babbar kaza takan sha kusan rubu'in lita a yini, wajen ninki biyu na nauyin abincin da take ci. Shi kansa ƙwai kusan kashi 3 cikin 4 nasa ruwa ne. Abincin da muke ba su busasshe ne, in ba ruwan da zai jiƙa shi sai kaza ta rage ci. Abincin nan kuwa shi ne itacen da ke hura wutar jikinta, domin zafin jikin kaza yana kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ya fi namu. Gashinta yana riƙe wannan zafi sosai, shi ya sa lafiyayyar kaza mai ƙoshi ba ta cika damuwa da sanyi ba. Amma in ruwa ya yanke, ci ya ragu, wutar ta yi ƙasa, a nan ne sanyi ke samun ƙofa. Mutane suna cewa ai ga dusar ƙanƙara, za su ci. Suna ɗan tsattsaga, na gani. Sai dai zafin da ake buƙata a narkar da ƙanƙara ta zama ruwa daidai yake da wanda zai ɗauki wannan ruwan daga sifili zuwa digiri 80, kuma daga jikin kazar za a cire shi.

Sai na shiga neman dabaru, kuma na gwada kusan duk wadda aka faɗa mini.

Ta farko, wadda ta fi yawo, ita ce a cika gorar roba da ruwan gishiri a jefa cikin ruwan sha. Gaskiya ne ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya daskarewa sai wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Amma gorar ba ta ba ruwan da ke kewaye da ita zafi ko kaɗan. Da safe na same ta da ruwanta yana motsi a ciki, ita kuma ƙanƙara ta riƙe ta gam ta kowane gefe. Tsorona ma shi ne kada murfin ya yi yoyo, don gishiri mai yawa guba ne ga kaza. A nan zan roƙi duk mai karatu, kada a zuba komai cikin ruwan sha da niyyar hana shi daskarewa, musamman ruwan nan mai launi da ake zuba wa mota don sanyi. Yana da zaƙi-zaƙi, dabba takan sha, kuma kisa yake yi.

Ta biyu, ƙananan ƙwallayen tebur su yi ta yawo a saman ruwa. Suna buƙatar iska ta kaɗa su, ni kuma duk ƙoƙarina in tare iska ne. A daren da sanyi bai wuce digiri ɗaya ko biyu ƙasa da sifili ba suna ɗan jinkirta abin. A Minesota irin wannan daren na kaka ne.

Tsohuwar taya ta fi su. Ana cusa ciyawa busasshiya a cikin cikinta, a ɗora baƙin kwanon roba a tsakiya, a ajiye inda rana ke bugawa. Baƙi yana zuƙar zafin rana, ciyawa tana raba kwanon da ƙasa mai sanyi. Ta ƙara mini awa biyu ko uku a ranar da akwai rana. Ranar gajimare ba ta ƙara komai. Abin da na riƙe daga wannan gwajin shi ne kwanon kansa, irin baƙar robar nan mai kauri da laushi da ake ba dawaki da awaki abinci a ciki. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa mazubina fari da ja ya tsage daga sama har ƙasa a mako na biyu na Disamba. Wannan kwanon kuwa miƙewa yake yi. A kifa shi, a taka gindinsa, ƙanƙarar ta faɗo ɗungurungum.

Maƙwabcinmu ta bayan shinge wani dattijo ne da ya tashi a gonar shanu a yammacin jihar. Ya daɗe yana kallona ina kai-kawo da buta. Wata rana ya kira ni bakin shinge ya ce mini, a taƙaice, a ƙasar nan ruwa ba ya zama ruwa sai an ba shi zafi, ko dai da hannu ko da waya, sauran duk jinkiri ne. Ya ce suna yara kafin su tafi makaranta sai sun fasa ƙanƙarar kwamin shanu da gatari. Shi ya nuna mini abin da zan saya: wani faifan ƙarfe mai waya, a ɗora mazubin ƙarfe a kansa. Nawa wat 125 ne, yana da ɗan ma'auni a ciki da ke kunna shi in sanyi ya sauko wajen digiri 2, ya kashe kansa in gari ya sassauta. Ya ja kunnena kada in ɗora na roba a kai in ba an rubuta a jikinsa cewa zai jure ba, kuma in ɗora faifan kan bulon siminti, nesa da ciyawa.

A kan wuta muka yi doguwar magana da Maigida. Shi ya fi son a rataya jar fitilar nan mai wat 250 da muka yi renon 'yan tsakin da ita, ta ɗumama kajin da ruwan gaba ɗaya. Tausayi ne ya sa shi, ya ce ba ya iya barci cikin bargo yana tuna su a waje. Na ce masa, "Abban yara, dubi abin da ke cikin akurkin nan. Katako, dusar katako, ciyawa, gashi, ƙura. Kaza ɗaya ta firgita ta yi fiffike ta bugi fitilar, shi ke nan, kuma tsakanin akurkin da garejinmu taku nawa ne?" Duk lokacin sanyi ana jin labarin gobarar akurki daga irin wannan fitila a jihohin nan, dattijon ma ya ba mu labarin wadda ya gani da idonsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai kuma wata illar: kazar da ta saba da ɗumi, ranar da wuta ta ɗauke cikin dare sanyin zai same ta ba shiri. Maigida ya haƙura. Ya ja waya mai kauri irin ta waje daga soket ɗin bayan gida, wanda ke yanke wuta da kansa in laima ta shiga, ya sa mahaɗin wayoyin cikin akwatin roba mai murfi, ya ɗaga shi sama da ƙasa.

Mun yi makonni cikin kwanciyar hankali. Ƙwai ya dawo biyu zuwa uku a rana, wanda ga Janairu ba laifi.

Sai ƙarshen watan ya zo. Ranar Laraba 30 ga Janairu 2019 ma'aunin filin jirgin Miniyapolis ya nuna digiri 28 ƙasa da sifili a lissafinsu na Farenhait, wato wajen 33 ƙasa da sifili a Salshiyas. In aka haɗa da iska, abin da fata ke ji ya zarce 40 ƙasa da sifili. An rufe makarantu, har gidan waya ya dakatar da raba wasiƙu a ranar. Tun daren Talata na aikata abin da har yau yake damuna. Tsoro ya sa na shigar da mazubin ruwa da faifansa cikin akurkin, sannan na toshe duk kafofin iska na sama da tsumma. Na ce kada ko kaɗan ta shiga.

Da asuba na buɗe ƙofar da tocila, sai na ga silin ɗin ya yi fari fat, kowane kan ƙusa da ɗan curin ƙanƙara. Numfashin kaji shida, da kashinsu, da tururin ruwan ɗumi, duk sun taru ba mafita, suka sauka a kan komai, har kan zankon kajin. Wake-wake da masu launin zuma, da yake nasu bai kai na farar girma ba, ba su ji jiki sosai ba. Farar autata kuwa, tsinin zankonta ya koma fari-fari kamar an shafa toka. Cikin kwanaki ya yi baƙi. Ba a murzawa, ba a yankewa, ba a gasa shi da zafi, ana dai lura kada 'yan'uwanta su tsattsage wurin. Bayan makonni tsinin ya bushe ya faɗi da kansa. Ta rayu, ta ci gaba da saka, amma zankon ya zauna a daƙushe. Auta ta tambaye ni, "Umma, ya yi mata ciwo?" Na ce mata e, ya yi, kuma ni na jawo.

Ranar, ko faifan bai iya riƙe ruwan duka ba. Cikin mazubin yana nan ruwa, amma bakin da suke sha, da yake siriri ne kuma a buɗe, yakan yi ɓawon ƙanƙara. Na cire tsummokaran, na mai da ruwan waje ƙarƙashin rufi, muka riƙa fita bi da bi ni da babban ɗana duk bayan awa biyu da ruwa mai ɗumi a kwanon roba. Minti goma a waje ya isa gashin ido ya manne. Muna tsayawa har sai mun ga kowacce ta sha, sannan mu kwashe ƙwai, don in ya jima a irin wannan sanyi daskarewa yake yi ya tsage.

Tun daga nan ruwa bai ƙara kwana a cikin akurkina ba. Wurinsa fili ne mai rufi, wanda nake zagaye ɓangare uku nasa da leda mai kauri mai nuna haske tun ƙarshen Oktoba, in bar gefen kudu a buɗe. Kafofin sama suna buɗe dare da rana, sama da kawunansu, yadda laima za ta fita ba tare da iska ta buge su ba. Sandar kwanansu faffaɗan katako ne da aka kwantar, don su zauna a kan yatsunsu gashin ciki ya rufe su. Mazubin na ɗaga shi daidai tsayin bayan kaza, saboda in ya yi ƙasa naman nan da ke reto ƙarƙashin bakinta yakan tsoma cikin ruwa, jiƙaƙƙen nama kuwa shi sanyi ke fara ci. Na gwada bokiti mai 'yan famfunan da kaza ke tsattsaga ruwa ya ɗigo. Waɗanda ke ƙarƙashin bokiti sun daskare tun daren farko, don ɗigo yana maƙalewa a bakinsu. Na gefe sun fi jurewa in akwai abin ɗumama ruwa a cikin bokitin, kuma ba sa jiƙa fuska, sai dai nawa kajin sun fi sha sosai a buɗaɗɗen wuri, shi ya sa na koma wa na ƙarfe.

Kuɗin wutar ba shi da yawa. Ko faifan ya wuni ya kwana a kunne, yunit 3 na wuta ne a yini, abin da bai kai dala 15 a wata ba a lissafin gidanmu. Abin da na ƙi shi ne in miƙa masa amanar gaba ɗaya. A Fabrairun wata shekara narkakkiyar ƙanƙara ta shiga mahaɗin waya, soket ya yanke wuta kamar yadda aka yi shi ya yi, ba ƙara ba alama. Daga taga mazubin yana nan yadda yake kullum. Sai da na sa yatsa na ji dutse. Don haka kwanonin roba biyu suna nan a bakin ƙofar kicin duk lokacin sanyi, ɗaya a waje ɗaya a ciki yana narkewa, na kuma sauya lokacin fitata aiki da minti ashirin. Bayan sallar asuba nake cika buta da ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba. In na dawo da yamma in sake dubawa kafin su hau sanda. Ranar da zan yi dare, ɗana ya san aikinsa ne da ya sauka daga motar makaranta, kafin ya cire takalmi.

Kwanan baya na kira Inna ta bidiyo ina cikin filin kajin. Can ma hunturu ne, tana lulluɓe da mayafi biyu, tana ba ni labarin yadda ciwon kaji na wannan lokaci ya shiga unguwa, ta jiƙa wa nata sassaƙen maɗaci da barkono a kasko. Na kifa kwanon roba na taka, ƙanƙarar ta faɗo, na ɗaga mata ita a gaban waya, faifai guda mai kaurin tafin hannu da ƙwayar masara biyu a daskare a tsakiya. Ta yi salati. Ta ce, "'Yar nan, wannan ruwan da za su sha ne?" Na ce na jiya ne, Inna, ga na yau a buta. Ta ce to in zuba tana kallo. Na zuba, tururi ya tashi, suka taho. Ta yi shiru tana ƙirga su da yatsa a kan gilashin wayar, sannan ta ce waccan farar mai guntun zanko an ture ta gefe, in matsa mata da kwanon.